Zoben da ya ƙi ƙanƙancewa: nazarin aikin wani ɗalibi a Katsina

A farkon hunturu ya shigo ofishina da takarda shafi huɗu, ya ce yana so in duba masa aikinsa na digiri na biyu. Ɗan Daura ne. Kafin ya dawo karatu ya shafe shekaru yana bin turakun layin waya tsakanin Daura da Katsina: canjin batir, duba janareta, hawa sama idan iska ta karkatar da eriya. Abin da ya rubuta a saman takardar shi ne zai tsara ma'adanar bayanai mai tsananin sauri, wato memori, da ƙarfen da lantarki ke ratsawa ba turjiya, wato sufa-kwandasta, domin na'urar karɓar sigina. Na karanta, abin ya burge ni, na sa hannu. Lissafin minti biyar da ya kamata in yi kafin sa hannun ban yi shi ba, kuma wannan sakaci nawa ya ci mana wata huɗu. Na sakaya sunansa da na makarantar da na abokan aikina, don ba su ne abin dubawa ba.

Abin da ya hango

Duk wanda ya saba buɗe akwatin da ke gindin turken waya ya san siginar da eriya ta kamo tana shan hannu kafin ta zama lambobi. A tace ta, a ƙara mata ƙarfi, a sauko da ita daga zango mai tsayi zuwa wanda na'ura za ta iya ƙirgawa, kuma kowane hannu ta bi sai ya bar mata ɗan datti. Zangon da aka yi gwanjonsa a Najeriya a Disambar 2021 domin 5G gigahaz 3.5 ne, wato girgiza biliyan uku da rabi a daƙiƙa ɗaya. Wasu zangunan tauraron ɗan'adam sun fi haka nesa ba kusa ba. Ɗalibin ya karanta cewa kamfanin Hypres da ke jihar New York ta Amurka ya ƙera na'urorin karɓa da ke mayar da siginar tauraron ɗan'adam lambobi kai tsaye, da agogo mai bugun biliyoyi gommai a daƙiƙa. Sai ya ce to, abin da ya rage shi ne rumbun da za a zuba waɗannan lambobi. Burinsa memorin ta riƙe ɗanyar sigina ta tsawon kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, yadda za a iya komawa a bincika ta idan wata sigina ta yi kutse. Ya sha fama da irin wannan kutse a bakin aiki, kuma a ganinsa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ai ba wani abu ba ne. Ni ma haka na gani.

Tushen fasahar tsoho ne. A 1911 Heike Kamerlingh Onnes, a birnin Laiden na ƙasar Holan, ya sanyaya zaiba da ruwan hiliyam zuwa kusan Kelbin 4, wato digiri 269 ƙasa da sifili, ya ga turjiyarta ta ɓace ɗungurungum. Idan aka yi zobe da irin wannan ƙarfe aka saka masa lantarki, lantarkin zai yi ta zagaye ba ya raguwa muddin sanyin na nan. A 1962 Brian Josephson, yana ɗalibi ɗan shekara 22 a Kambirij ta Ingila, ya nuna da lissafi abin da zai faru idan aka raba irin waɗannan ƙarafa biyu da shinge siriri ƙwarai. Wannan mahaɗa, da ake kira da sunansa, ita ce makunnin da ake gina komai a kansa a wannan fage, kamar yadda tiranzista take a cif ɗin silikon. Ƙarfen da ake aiki da shi yau niyobiyam ne, wanda ke rasa turjiya a Kelbin 9.2. Ɗaya daga duwatsun da ake samun sa shi ne kolumbait, wanda ake haƙowa tare da kuza, kuma a shekarun 1950 tsaunukan Jos ne kan gaba a duniya wajen fitar da shi, kafin Birazil ta karɓe kasuwar.

Abin da ya sa zoben ya dace da ajiya shi ne maganaɗisun da ke ratsa cikinsa ba ya zuwa yadda ya ga dama. Ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kowace girmanta ɗaya, ba rabi ba kwata. Akwai ƙwaya a zobe, 1 ke nan. Babu, 0. Wannan 1 ko 0 shi ake kira bit. Idan ƙwayar ta fice ta mahaɗa sai a ga ɗan bugun lantarki mai tsayin kusan milibolt ɗaya da faɗin kusan fikosakan biyu. Fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na daƙiƙa. Haske kansa a wannan lokaci milimita 0.3 kawai yake ci, bai kai kaurin farce ba. A 1985 Likharev da Mukhanov da Semenov suka fito da tsarin lissafi da waɗannan bugu a Jami'ar Mosko, wanda ake kira RSFQ, kuma a 1999 aka gwada wata 'yar ƙaramar da'ira ta wannan tsari a Jami'ar Stony Brook ta yi aiki a gigahaz 770. Wannan adadi ɗalibin ya ja wa layi biyu a takardarsa.

Zaman farko

Ranar kare kudurin bincike, sanyi ne ya cinye zaman. Wani abokin aikinmu ya fara da zolaya, ya ce shi kwandasta ya sani a tasha, wannan sufa-kwandastan wace mota yake bi? Aka yi dariya. Daga nan shugaban zaman ya juyo kaina.

"Dakta, kai ka sa hannu a wannan? Garin da a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, masu ƙanƙara ma kuka suke da wuta, a nan za a yi digiri 269 ƙasa da sifili?"

Ɗalibin ya nemi izini ya amsa, kuma ya amsa da kyau. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙaramin injin da ke kai wa wannan sanyi wutar da yake ci ba ta fi ta dutsen guga da yawa ba, kilowat ɗaya da 'yan kai. Matsalarsa ba ya son a ɗauke wuta, don sai ya yi awoyi kafin ya sauka, kuma da zarar cif ɗin ya haura Kelbin 9.2 duk abin da ke ciki ya tafi. Amma ni ba ƙerawa zan yi ba. A kwamfuta zan tsara, in gwada."

Gaskiya ya faɗa. Irin wannan injin yana shan sama da wat dubu don ya kwashe zafin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ba a can ƙasa. Wani ya tambaya me ya sa ba za a yi da kayan nan da aka gano daga 1986 ba, waɗanda ruwan naitirojin ma ya ishe su. Amsar ita ce an yi matatun sigina da su, har an ɗora a turakun waya a Amurka, amma kayan kamar tangaran suke, kuma buga dubban mahaɗai masu hali iri ɗaya da su ya gagara. Aka gamsu, aka amince da kudurin. Kowa ya fita yana ganin an yi tambaya mai wuya an kuma amsa ta.

Wata huɗu ya yi yana aiki tuƙuru. Manhajar da ya ɗauka ita ce JoSIM, wadda aka rubuta a Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, kyauta ce, kuma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta. Ya koyi rubuta da'ira layi-layi, ya gina zobe ɗaya ya ga ya riƙe bit ɗinsa, ya gina jeri huɗu sau huɗu. Duk mako yana kawo mini hoton bugun lantarki a jere kamar haƙoran zarto, ni kuma ina cewa madalla.

Tambayar tiya

A zaman duba ci gaban aiki ne wani dattijon farfesa, wanda bai ce uffan ba a zaman farko, ya ɗaga hannu. Ba fagensa ba ne, shi mutumin injinan wuta ne.

"Yaro, na ji saurin. To wannan rumbu naka, tiya nawa zai ci?"

Ɗalibin ya ce zai riƙe sigina ta kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

"Ban tambaye ka lokaci ba. Hatsin nawa ne? Ga allo nan."

Ya tashi ya ɗauki maka. A tsarinsa na'urar za ta ɗebi samfur biliyan 20 a daƙiƙa, kowane samfur bit 4. Bit biliyan 80 ke nan a daƙiƙa. A raba da dubu, bit miliyan 80. A wayar hannu wannan megabait 10 ne, hoto uku ko huɗu na biki. Har ya ɗan saki fuska. Sai dattijon ya ce, to mafi girman da aka taɓa ƙerawa da wannan ƙarfe fa?

A nan ne na ji gumi ya karyo mini, don amsar tana cikin takardun da ni da kaina na ba shi ya karanta. Memorin da aka daɗe ana kafa misali da ita, wadda aka yi da mahaɗan Josephson zalla, ita ce ta kamfanin NEC na Japan a 1995: bit 4,096, ana ciro bayani cikin fikosakan 380. Da saurin da ɗalibin ke so, za ta cika cikin kashi 51 na biliyan na daƙiƙa. A 2013 ƙungiyar Theodore Van Duzer a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta kai bit 65,536, amma da dabara: ajiyar kanta silikon ce aka tsoma cikin sanyi, mahaɗan Josephson suna bakin ƙofa kawai. Ita ma ba za ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba ta cika. Abin da yake nema ya ninka ta sau dubu da ɗari biyu.

Bai tsaya nan ba, don dattijon bai ce ya zauna ba. A tsarin RSFQ na asali kowace mahaɗa tana jan kusan kashi ɗaya cikin goma na miliamfiya ba dare ba rana, ko tana aiki ko ba ta yi. Idan kowane bit ya ci mahaɗa huɗu, mahaɗa miliyan 320 ake magana, amfiya wajen 32,000. Injin mai walda na bakin titi bai cika wuce amfiya 200 ba. Wato sai an tara masu walda 160 a kan cif ɗin da bai fi farcen babban yatsa ba, a cikin injin da kashi ɗaya cikin goma na wat kawai yake iya kwashewa. Akwai sababbin tsare-tsare da suka rage wannan ɓarna sosai, amma ba su taɓa ainihin matsalar ba.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Dattijon ya ce, "Zauna, ɗana. Ba kai kaɗai ka ci wannan tuwon ba," yana maganar yana kallona.

Me ya hana zoben ƙanƙancewa

Na koma gida na yi karatun da ya kamata in yi tun farko. Don zobe ya riƙe ƙwayar maganaɗisu ɗaya, dole idan aka ninka lantarkin da ke zagaya shi da indaktans ɗinsa, wato ƙarfinsa na riƙe maganaɗisu, su kai girman ƙwayar. Girman ƙwayar kuwa ba injiniya ne ya yanka shi ba, haka aka halicce ta. Ka matse zoben, indaktans ya ragu, ƙwayar ta ƙi zama. Ka ce za ka cike giɓin da ƙarin lantarki, mahaɗai da wayoyin da za su ɗauke shi su ƙara girma, zafi ya ƙaru. Ta ko'ina ka ɓullo sai ka tarar da katanga. Shi ya sa ko a 2019, da aka gwada ɗakunan ajiya mafiya matsi a masana'antar Lincoln ta jami'ar MIT da ke Amurka, ɗakin bit ɗaya yana cin kusan murabba'in maikiromita 100, kusan bit miliyan ɗaya a murabba'in santimita. Ɗakin bit ɗaya a silikon na zamani ya fi wannan ƙanƙanta sau dubbai. Ko da wancan matsi, rumbun ɗalibina sai ya ci murabba'in santimita 80, kusan faɗin fuskar babbar waya, alhali cif ɗin wannan fage da wuya ya wuce santimita ɗaya a kowane gefe.

Akwai ta biyu, wadda ta fi ɓoyuwa. Memori ta gaske kamar kanti ce mai kantoci, sai ka aika a ɗauko maka abu daga layi kaza, gurbi kaza. Aiken yana bukatar murya mai ƙarfi da za ta ratsa dogon layi ta tada ɗaki ɗaya ta bar sauran. Tiranzista gwanar wannan ce, ƙaramar sigina take karɓa ta fitar da babba. Mahaɗar Josephson ba ta da wannan baiwa. Raɗa take yi, milibolt ɗaya, sai an jera wasu mahaɗan suna karɓa suna miƙawa. Kafin ka ankara masu kai saƙo sun fi masu ajiya yawa.

A kan wannan dutse kamfanin kwamfuta na IBM ya yi tuntuɓe. Ya kwashe fiye da shekara goma yana neman gina kwamfuta da mahaɗan Josephson, ya rufe aikin a 1983. Mahaɗansa na dalma suna lalacewa idan aka yi ta sanyaya su ana ɗumamawa, memorin kusa da ƙwaƙwalwar injin ta ƙi kai inda ake so, silikon kuma yana ta matsowa a guje. A shekarar nan dai masu bincike a cibiyar Bell Labs ta Amurka suka fito da mahaɗar niyobiyam mai shingen alminiyam, wadda ta kashe matsalar lalacewa. Ta memori kuwa tana nan. Da hukumar IARPA ta Amurka ta buɗe shirinta na C3 a 2014, memori ta ware wa ɓangare guda sukutum, inda aka gwada cusa siririn maganaɗisu a cikin mahaɗar kanta don bayanin ya zauna a cikinsa maimakon a zobe.

Ra'ayina, wanda wasu abokan aikina ba su yarda da shi ba har yau: kwamitin farko ya tsaya a kan sanyi ne saboda shi muke ji a jikinmu. Da a ce wani attajiri ya sauke mana injin sanyaya da sola mai riƙe shi dare da rana, da ba mu matsa ko taku ɗaya ba. Waɗanda ke da injin a Amurka da Japan a nan suka tsaya su ma.

Yadda aka sake ɗinkin

Ya ɓace mini mako biyu. Da ya dawo ya ce, "Malam, ko in canja take gaba ɗaya? In koma kan batirin turaku, wanda na sani." Na ce a'a, kuma na faɗa masa laifin nawa ne. Muka zauna muka duba yadda masu na'urorin karɓa na gaske suke yi. Ba sa ajiye ɗanyar sigina a cikin sanyi. Nan take a kan cif ɗin suke zaɓo zangon da ake so, su tace, su rage yawan samfurin, sannan su miƙa abin da ya ragu waje ga silikon da ke ɗumin ɗaki, inda wurin ajiya yake a banza. Abin da ake bukata a cikin sanyi ɗan mazubi ne tsakanin mai zubowa da sauri da mai kwasa a hankali.

Shi ya kawo misalin da muka yi ta amfani da shi. Ranar zuba dakin, leburori kan jeru daga wurin kwaɓa kankare har sama, kowa kwano ɗaya ne a hannunsa, ya karɓa ya miƙa. Ba mai neman kwano na goma sha bakwai; wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Ba aike, ba kira da ƙarfi, kowa maƙwabcinsa kawai ya sani. Irin wannan jeri shi ne abin da fasahar ta fi iyawa: a masana'antar Lincoln an buga mai mahaɗai sama da 800,000 ya yi aiki. Sabon aikin ya zama jeri mai ɗaukar bit 64. Daga miliyan 80.

Ko wannan bai zo da sauƙi ba. Wani dare cikin azumi, bayan tarawi, ya kira ni ya ce in yi haƙuri in duba abin da ya turo. Ya zuba 1, 0, 1, 1 a bakin jerin, abin da ya fito a ƙarshe ya zo da wuri, kuma ba a tsarin da ya shiga ba. Washegari muka buɗe laftof ɗin a ofis, batirinta na kan kashi 30, muka bi bugun ɗaki-ɗaki. A tsarinsa bugun agogo da bugun bayani hanya ɗaya suke bi, gefe da gefe. A wani ɗaki bayanin ya riga agogon isa da 'yan fikosakan, sai bugun agogo guda ya tura shi ɗaki biyu a jere. Leburan ya karɓi kwano ya wurga gaba kafin a ce miƙa. Magani biyu ne a littafi: ko a jinkirta bayanin da ƙarin mahaɗai a tsakanin ɗakuna, ko a juya agogon ya taho daga ƙarshen jeri yana fuskantar bayanin, yadda na gaba zai sauke nasa kafin na baya ya miƙo. Na biyun yana rage sauri amma ba ya wannan tsere. Shi ya zaɓa, yana ɗan ɓata rai, don saurin ne ya kawo shi tun farko.

Sauran watannin a kan abu ɗaya suka tafi, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin. Masana'anta ba ta buga mahaɗai biyu daidai wa daida. Wata za ta ɗan fi, wata ta ɗan gaza. Don haka ya sa kwamfutar ta riƙa sauya girman kowace mahaɗa da ka, sama ko ƙasa, ta sake gwajin, ta sake, ɗaruruwan lokuta, yana ƙirga sau nawa jerin ya mayar da abin da aka ba shi. Gwaji ɗaya yakan ɗauki lokaci, wuta kuma ba ta da alƙawari, sai ya koma kai laftof ɗin shagon wani abokinsa mai cajin waya da sola, ya bar ta can ta kwana. Abin da ya fito fili shi ne jeri mai juyayyen agogo yana jure bambancin mahaɗai fiye da na farkon, kuma da ya tsawaita jerin, mahaɗa ɗaya da ta kauce ta isa ta ɓata duka.

Abin da kwamfutar ba ta nuna ba

Mai jarrabawa na waje ya yi masa tambaya ɗaya mai nauyi: idan aka buga wannan cif gobe, me zai fara kashe shi? Ya amsa daidai, maganaɗisun duniya. Wanda ke juya allurar kamfas ɗin nan, a yankinmu, ya isa ya cusa ƙwaya guda a duk filin da ya kai kusan maikiromita 8 sau 8. Lokacin da cif ke sauka ƙasa da Kelbin 9.2 waɗannan ƙwayoyi sukan maƙale a cikin niyobiyam ɗin, kuma wadda ta maƙale kusa da zobe ba ta da maraba da bayanin ƙarya. Shi ya sa ake rufe cif da garkuwar ƙarfe mai kare maganaɗisu, ake kuma yanka ramuka a shimfiɗar cif ɗin don ƙwayoyin su faɗa can nesa da da'ira. Ba ko ɗaya daga wannan a cikin gwajinsa, kuma ya rubuta haka ɓaro-ɓaro a babi na biyar.

Ya ci jarrabawar. Dattijon farfesan ya sa hannu, amma a zaman sashe ya ce shi har yanzu bai ga dalilin barin ɗalibi ya tsara abin da ba zai taɓa riƙewa a hannu ba, alhali turakun jihar nan cike suke da matsalolin da ke neman mai bincike. Na ce yaron da ya bi bugun fikosakan ɗaki-ɗaki har ya kama inda agogo ya makara, ba abin da zai gagare shi a akwatin turke. Ya ce wannan ba amsa ba ce. Aka tashi a haka.

Matakin da ke gaba shi ne a mayar da da'irar zanen cif na ainihi, a auna indaktans ɗin kowace waya daga zanen, sannan a nemi gurbi a ɗaya daga 'yan masana'antun da ke buga niyobiyam, irin su na Tsukuba a Japan ko na Jena a Jamus. Manhajar awon tana bukatar lasisi, ya rubuta wasiƙar nema yana jiran amsa. Kafin nan ya koma bin turaku, ranar Juma'a yakan wuce Daura.